'Yar Na'urar da Ta Kai Talabijin Cikin Kwamfuta

A tsakiyar shekarun 2000, kantunan kayan lantarki na Berlin da Landan da Helsinki sun cika da wasu ƙananan kwalaye masu babban alkawari: talabijin kyauta a cikin kwamfuta. In aka farke kwalin, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. 'Yar na'ura ce mai bakin USB, da kaɗan ta ɗara filas kauri, sai wata siririyar eriya mai maganaɗisu a gindi, da ɗan rimot, da faifan CD na manhaja. Mai saye zai soka na'urar a gefen laftof, ya ɗaura mata eriya, ya danna wurin neman tashoshi. Manhajar za ta bi zangon UHF hawa-hawa, daga lamba 21 har zuwa 69, tana ɗan tsayawa a kowace lamba tana saurare. In an yi sa'a, kafin shayi ya huce sunayen tashoshi 20 ko 30 sun jeru a gefen allo. In ba a yi ba, sai a ga maigida a bakin taga da eriya a hannu, yana ɗagawa yana saukewa, daga bisani ya ɗauko gwangwanin biskit ya manna ta a kan murfin, domin faffaɗan ƙarfe a ƙarƙashinta yana ƙara mata ji.

Tashen wannan na'ura bai wuce shekara goma da 'yan kai ba. Amma labarinta ya fi tashenta tsawo, domin sa'ad da ta gama amfani a matsayin talabijin, wasu mutane sun gano tana iya wani aiki da masu ƙera ta ba su taɓa tallatawa ba.

Sha'awar haɗa talabijin da kwamfuta ta girmi USB. Tun farkon shekarun 1990 wani kamfani a garin Hauppauge na jihar New York, wanda ya ari sunan garin ya sa wa kansa, yake sayar da katin WinTV. Sai an kwance murfin kwamfutar tebur an dasa katin a ciki, an jawo wayar eriya ta baya. A 1993 Apple ya gwada tasa dabarar da Macintosh TV, baƙar kwamfuta mai allon inci 14, wadda ba ta iya nuna talabijin da aikin kwamfuta a lokaci ɗaya: ko dai mutum ya yi rubutu, ko ya yi kallo. Kimanin guda 10,000 aka ƙera, cikin 'yan watanni aka janye ta daga kasuwa. Kamfanin ATI na Kanada ya fi sa'a da All-in-Wonder a 1996, wanda ya haɗa katin hoto da na talabijin wuri guda.

Duk waɗannan na zamanin analog ne, tsohon tsarin da hoto ke tafiya a iska da ɗanyensa. Aikin katin shi ne ya kamo ɗanyen hoton ya mayar da shi lambobi, sau 25 a kowace daƙiƙa a tsarin Turai, abin da ke fitowa kuma kaya ne mai nauyin gaske, sama da megabit 160 a daƙiƙa ɗaya. Ramin USB na lokacin, samfurin 1.1 da ya fito a 1998, megabit 12 kacal yake iya wucewa da shi. Don haka na'urorin USB na farko ko dai su rage hoton ya koma ɗan mitsitsi, ko su ɗauki ƙwayar lantarki mai tsada da za ta matse shi kafin ya shiga waya. EyeTV na farko, wanda kamfanin Elgato na birnin Munich ya fitar wa masu Mac a 2002, hanya ta biyun ya bi, shi ya sa ya zo akwati sukutum, ba abin jefawa a aljihu ba.

Canjin ya taso ne daga wajen masu watsa shirye-shirye. A 1993 gidajen talabijin da masana'antu da hukumomin Turai suka kafa wata haɗaka mai suna DVB, mai ofis a Geneva, don su tsayar da tsari ɗaya na dijital kafin kowa ya kama gabansa. Sun fara da na tauraron ɗan adam da na kebul a 1994, sai a 1997 aka kammala mai wuyar, wato DVB-T, na eriyar ƙasa. Wuyarsa amsa-kuwwa ce. Saƙon da ya taso daga hasumiya yana dukan gini ko tsauni ya dawo, ya iso eriya sau biyu sau uku a jere. A tsohon talabijin shi ne ke sa mai karanta labarai ya fito da inuwarsa a gefe. Injiniyoyin sai suka daina tura saƙon a kan igiya ɗaya mai gudu. Suka rarraba shi a kan dubban ƙananan igiyoyi, 1,705 a ƙaramin tsari, 6,817 a babba, kowace tana tafiya a hankali, aka kuma bar 'yar tazara tsakanin saƙo da saƙo don kuwwar ta mutu kafin na gaba ya iso.

Ga kuma ribar matse hoto da tsarin MPEG-2. Gurbin megahaz 8 da a da tasha ɗaya ke mamayewa ya koma ɗaukar tasha 4 a Jamus, a Birtaniya ma fiye da haka. Tafiyar kamar ta babbar motar da ta yi lodin buhunan 'yan kasuwa da yawa ce: buhunan duk girmansu ɗaya, bayit 188 kowanne, kuma kowanne da lambar mai shi a jiki. Wannan na hoton tasha kaza ne, wancan na muryarta, na can kuma jadawalin shirye-shiryen mako ne. Mai karɓa ba abin da zai yi illa ya tsaya a bakin mota ya ware masu lambarsa.

A nan kwamfuta ta samu shiga. Tunda gidan talabijin ya riga ya matse hoton tun daga can, na'urar kamu ba ta da sauran wahala. Ƙwaya biyu sun ishe ta: ɗaya ta zaɓo zangon da ake so daga hayaniyar da ke iska, ɗayar ta warware igiyoyin ta fito da bayanan. Buɗe hoton da zana shi a allo kuwa aikin kwamfuta ne, kuma kwamfutar 2004 tana yinsa ba tare da ta yi gumi ba. Na'urorin da suka fito a kan USB 1.1 dole suka riƙa tace tasha ɗaya su zubar da saura, domin lodin gaba ɗaya yakan kai megabit 24 a Birtaniya. Da USB 2.0 ya wadata, wanda aka amince da shi a 2000 kuma yake ɗaukar megabit 480, wannan matsalar ta kau, na'urar ta yi ta ƙanƙancewa shekara bayan shekara.

Sai dai makami ba ya amfani in babu abin kamawa, kuma da shirin farko na Birtaniya ya ɗore, da ba a samu ba. Ranar 15 ga Nuwamba 1998 kamfanin ONdigital ya fara watsa dijital ta eriya, na kuɗi, a kulle, sai da akwati da kati. Saƙon ba shi da ƙarfi a wurare da dama, 'yan damfara suka cika gari da katunan jabu, kamfanin Sky na tauraron ɗan adam kuma yana ta rabon nasa akwatin kyauta. Kamfanin ya canza suna ya koma ITV Digital, ga kuma cinikin fam miliyan 315 da ya ƙulla don nuna wasannin ƙananan rukunonin ƙwallon Ingila, wasannin da masu kallonsu ba su kai su fanshe kuɗin ba. A 2002 ya durƙushe, ya bar ƙungiyoyin ƙwallo da yawa cikin bashi. Faɗuwar wani tashin wani: a kan zangunan da ya bari aka kafa Freeview a watan Oktoban shekarar, BBC na cikin jagororinsa, da tashoshi kusan 30 a buɗe, ba kati ba kuɗin wata.

Jamus ta fi kowa gaggawa a babban birninta. Ranar 4 ga Agusta 2003 aka kashe analog na eriya a Berlin da kewaye, karo na farko da wani babban birni ya yi haka a duniya. Abin ya zo da sauƙi domin yawancin gidajen birnin ta kebul ko dish suke kallo. Masu tallata sabon tsarin sun san ba za su janyo mai kebul ya dawo eriya ba, sai suka ɗora tallarsu a kan yawo: talabijin a ko'ina, a lambu, a bakin tafki, a ɗakin ɗalibi. Tallar kamar don 'yar na'urar USB aka tsara ta. Faransa ta buɗe nata tsarin a Maris 2005, Finland da Sweden suka kashe analog a 2007. Da Jamus ta karɓi gasar cin kofin duniya a 2006, wasu wasannin rukuni da ƙarfe 3 na rana ake take su, mutane na ofis, gidajen talabijin na ARD da ZDF kuma suna nunawa a buɗe. Ma'aikacin da ke da laftof da eriya a jaka ba sai an koya masa abin da zai yi ba.

Sunayen da ke jikin kwalayen suna da yawa: Hauppauge, Pinnacle, TerraTec na Jamus, AVerMedia na Taiwan, da tarin marasa suna. In aka fasa robar kuwa, ƙwayoyin ciki na kamfanoni ƙalilan ne, irin su DiBcom na Faransa da Afatech da Realtek na Taiwan.

Abin da ya fi riƙe masu na'urar ba kallon ba ne, ɗauka ne. Mai kaset ɗin bidiyo ya saba da cewa duk abin da ya ɗauka sai ya rage kyau. A nan kuwa ɗauka kwafi ne kawai: bayanan da suka sauko daga iska su ake zubawa a rumbun kwamfuta yadda suka zo, kusan gigabayit 2 a awa ɗaya, ba a rasa ko ɗigo. Ana iya tsayar da labarai a tsakiya a je a amsa ƙofa a dawo a ci gaba. Ana iya duba jadawalin mako, a danna sunan fim, kwamfuta ta farka da kanta da tsakar dare ta ɗauka. Wanda ya ƙware ma yana iya ɗaukar tashoshi uku ko huɗu a lokaci ɗaya da na'ura ɗaya, in dai duk a gurbi guda suke tafiya. A Amurka akwatin TiVo, wanda ya fito a 1999, yana ba da irin wannan gata, amma sai an saye shi an kuma biya kuɗin rajista. Masu rubuta manhaja don sha'awa kuwa suka yi wa kansu. Klaus Schmidinger ya fitar da VDR a Jamus a 2000, Isaac Richards ya fara MythTV a 2002, shekarar da Microsoft ma ya shigo da Media Center. Ita kanta VLC, manhajar nan mai alamar mazurarin kan titi da kowane mai tura finafinai ya sani, daga wannan dangi ta fito. Ɗaliban makarantar injiniyoyi ta École Centrale da ke Paris suka faro aikin a 1996 don su raba talabijin na tauraron ɗan adam ta wayoyin kwamfutar makarantarsu, a 2001 aka sake ta kyauta ga kowa. Har yau a cikin jerin abubuwan da take buɗewa akwai na'urar kamun talabijin, ko da yake ba kowa ke leƙa wurin ba.

Aibinta irin na kowane dijital ne: ba ta san tsaka-tsaki ba. Tsohon talabijin in saƙo ya yi rauni, hoto yakan cika da yayyafi, amma ana gane wanda ya ci ƙwallo. Dijital kuwa ko tas ko babu. Hoto ya daskare, ya farfashe gida-gida, murya ta sarƙe ta ɗauke, kuma sau da yawa daidai lokacin da babur ya wuce ta ƙarƙashin taga. Eriyar cikin kwalin, in za a faɗi gaskiya, ta mutanen da ke hango hasumiya daga ɗakinsu ce. Na bayan gari sai ya haɗa da eriyar kan rufi, wanda hakan ya kashe zancen talabijin a ko'ina. Na'urar tana zafi, tana shan batir. Hukuma ma ba ta ɗauke kai ba. A Birtaniya dokar lasisin talabijin ba ruwanta da irin allon: muddin mutum yana kallon shiri a lokacin da ake watsa shi, biya ya hau kansa, ko da a laftof ne.

Ba ta kuma tsallaka teku. Amurka ta bi nata tsarin, ATSC, ta kashe analog na manyan tashoshi ranar 12 ga Yuni 2009. Japan ta ƙirƙiri ISDB-T, Brazil ta ɗauke shi da 'yan gyare-gyare ta fara watsawa a 2007, yawancin Kudancin Amurka suka bi ta. China tana da DTMB. Duk na'urorin kamarsu ɗaya a ido, amma wadda aka yi wa Tokyo kurma ce a Berlin.

A ƙasar Hausa 'yar na'urar ba ta taɓa yin tashe ba, dalilin kuma a fili yake. A 2006 ƙasashe sama da 100 na Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya suka amince a Geneva, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya ITU, cewa za a kammala ƙaura zuwa dijital a zangon UHF nan da 17 ga Yuni 2015. Najeriya ta ɗibar wa kanta 2012, ta wuce. 2015 ta zo ta wuce. Aka ce 2017, ita ma haka. Gwajin farko na gwamnati sai a ƙarshen Afrilu 2016 aka ƙaddamar da shi a Jos, garin da ya fara watsa talabijin mai launi a ƙasar a tsakiyar shekarun 1970. Abuja ta biyo baya a ƙarshen shekarar, Kaduna a 2017, Legas da Kano a 2021. Kafin nan 'yan kasuwa sun riga gwamnati: StarTimes da haɗin gwiwar NTA tun 2010, GOtv tun 2011, duka ta eriya, duka dijital, amma a kulle, sai da dikodar kamfani da kuɗin wata. Na gwamnatin ma, FreeTV, da akwati ya zo wanda ake kunna wa mutum, da ɗan kuɗinsa na shekara. Abu biyun da suka raya na'urar a Turai, tashoshi a buɗe da laftof a ɗakin kowa, ba su haɗu a nan ba. Wanda ke son talabijin a aljihu a Kano ko Damagaram a wajajen 2010, wayar nan 'yar China mai doguwar eriya ya saya, ya zaro eriyar ya kamo NTA ko Tele Sahel da yayyafinsu. Mai son ƙwallon Turai kuwa gidan kallo ya nufa.

A Turan ma rana ta fara yi mata yamma da wuri. A 2008 aka kammala sabon tsari, DVB-T2, mai ɗaukar kaya fiye da na farko a gurbi ɗaya, Birtaniya ta fara watsa hoto mai tsananin kyau da shi a Disamba 2009. Tsohuwar ƙwaya ba ta jin yaren sabon tsarin, kuma ba sabunta manhajar da zai koya mata, sai an sake saye. Masu ƙira sun fito da sababbi, irin su PCTV 290e a ƙarshen 2010, amma kasuwar ta riga ta fara juya baya. YouTube ya zo a 2005, Netflix ya fara turo finafinai ta intanet a 2007, BBC ta buɗe iPlayer a ƙarshen wannan shekarar. Wanda ke da intanet mai sauri a gida ba ya ganin dalilin tsayuwa a taga da eriya. Microsoft ya cire Media Center daga Windows 10 a 2015. Elgato ya sayar da EyeTV ga kamfanin Geniatech na China a 2016, ya koma yi wa masu wasannin bidiyo kaya. Ranar 29 ga Maris 2017 manyan biranen Jamus suka ƙaura zuwa sabon tsarin, aka kuma kulle tashoshi masu zaman kansu sai da kuɗi, tsofaffin na'urori suka wayi gari ba su kama komai. Switzerland ma a 2019 ta kashe talabijin na eriya ɗungurungum.

Da a nan labarin ya ƙare, ba don wani tsimi da Realtek ya yi ba.

Cikin ƙwayoyin da suka mamaye kasuwa a ƙarshen tashen akwai RTL2832U ta wannan kamfani mai tambarin ƙaguwa, wanda ƙwayoyinsa na sauti ke cikin kwamfutoci bila adadin. Kwalayen na'urorin da ke ɗauke da ita sukan yi alfahari da abu uku: talabijin, rediyon FM, da rediyon dijital na DAB. Talabijin ɗin ƙwayar ce ke warware shi da kanta. Rediyon fa? Maimakon a ƙara mata kayan rediyo a ciki, wanda kowane ƙari kuɗi ne, sai aka bar mata wata ƙofar baya. In aka ce mata rediyo, takan daina fassara komai, ta koma auna igiyar da eriya ta kamo sau miliyoyi a daƙiƙa, tana tura ɗanyun lambobin ga kwamfuta, manhajar Windows ta ƙarasa aikin.

A 2010 wani mai suna Eric Fry, yana ƙoƙarin sa na'urar ta yi aiki a Linux, ya zauna yana leƙen abin da ke wucewa ta USB tsakaninta da manhajar Windows, ya lura da ɗanyun lambobin. Maganar ba ta yi nisa ba sai a Fabrairu 2012, lokacin da Antti Palosaari, ɗan Finland da ya daɗe yana rubuta wa Linux direbobin na'urorin talabijin, ya gwada ya tabbatar, ya kuma faɗa wa abokan aikinsa abin da hakan ke nufi. A Jamus akwai wata ƙungiyar masu buɗaɗɗiyar manhajar sadarwa, Osmocom, waɗanda a daidai lokacin suke ƙera tasu na'urar rediyo da ƙwayar zaɓen zango E4000 ta kamfanin Elonics na Scotland. Ashe ita ce dai a cikin da yawa daga na'urorin talabijin masu arha. Sun riga sun san ta ciki da bai. Cikin 'yan makonni ɗaya daga cikinsu, Steve Markgraf, ya fitar da manhajar rtl-sdr, sunan da ya bi na'urar har yau.

Don a gane girman abin, sai an tuna yadda rediyo yake. Rediyon gida abin da aka ƙera shi ya ji shi kaɗai yake ji: na FM ba ya jin jirgin sama, na jirgin sama ba ya jin jirgin ruwa, domin halin kowanne a cikin ƙarafansa aka gina shi. Tun da daɗewa injiniyoyi suka san cewa in aka auna igiyar da sauri aka miƙa wa kwamfuta lambobin, manhaja za ta iya zama kowane irin rediyo. Eric Blossom ya fara GNU Radio a 2001 don wannan, Matt Ettus ya ƙera masa na'urar USRP, amma kuɗinta wajen dala 700 ne, sai jami'o'i da masu hali. Kwatsam sai ga abin da ke yin ɗanɗanon wannan aiki a kan dala 20 ko ƙasa da haka, ana sayar da shi a matsayin talabijin. Elonics bai daɗe ba ya rufe, ƙwayar R820T ta Rafael Micro na Taiwan ta maye gurbi, tana ji daga megahaz 24 har wajen 1,766, tana kuma nuna faɗin kusan megahaz 2.4 a kallo ɗaya. A allon manhaja irin SDR#, wadda Youssef Touil ya rubuta, zango yakan zama abin gani da ido: kowace tashar FM ginshiƙin haske ce mai gangarowa ƙasa tana rawa da kiɗan da ke cikinta, maganar matuƙin jirgi da hasumiya kuma ɗan siririn layi ne da ke walƙawa ya ɓace. Mutum ya kai linzamin kwamfuta kan layin ya danna, murya ta fito.

Ba ta kai na'urorin ƙwararru ba, nesa ba kusa ba. Awonta na bit 8 ne, don haka tasha mai ƙarfi a kusa takan danne raunana, agogon cikinta kuma yana zamewa in ta ɗau zafi. Ji kawai take yi, ba ta aikawa. Wasu ƙasashen ma doka ta hana sauraren wasu zanguna ko da na'urar tana kama su. Duk da haka arha ta rufe aibin.

Aikin da ya fi fito da ita fili shi ne bin jiragen sama. Jiragen fasinja suna shelar lambarsu da tsayinsu da inda suke a kan megahaz 1,090, a buɗe, ga duk mai kunne. A ƙarshen 2012 Salvatore Sanfilippo, ɗan Sicily da aka fi sani da manhajar Redis, ya rubuta dump1090, wadda ke karanta wannan shela ta zana jiragen a taswira. A shekarar ce kuma Raspberry Pi ta fito, kwamfuta 'yar tafin hannu mai dala 35. Aka haɗa biyun da eriya a kan rufi, sai ga tashar da ke hango jirgi daga kilomita 300 in wurin yana da tudu. Dubban mutane suka kafa irinta suna tura abin da suka kama ga Flightradar24 da FlightAware. Wanda ya taɓa buɗe waya yana bin jirgin alhazai daga Jidda zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, wani ɓangare na abin da yake gani daga irin waɗannan tashoshin sa-kai ya fito.

Wasu suka juya eriya sama suka riƙa sauko da hoton gajimare kai tsaye daga taurarin yanayi a kan megahaz 137. Mazauna bakin teku suka bi jiragen ruwa a wajen 162. Masu binciken tsaro suka fara sauraren rimot ɗin ƙofar mota da na'urar auna iskar taya, suna tona asirin waɗanda ba a kulle su da kyau ba. Ɗalibai kuma, da tsohon dish da ɗan amfilifaya, suka kamo raɗar iskar haidurojin ta taurarin samaniya a kan megahaz 1,420, abin da sai a 1951 masana suka fara jinsa. Gajeren zango ne ya ɗan ba ta wuya, shi da Hausawa suka fi sabawa da shi tun da BBC ta fara shirin Hausa a 1957, domin yawancinsa yana ƙasa da megahaz 24 inda kunnenta ya tsaya. Da farko sai an ƙara mata wata na'ura a gaba, ko a fasa ta a yi mata walda. Samfurin V3 da masu shafin RTL-SDR Blog suka fitar a 2016 ya zo da hanyar kama shi, V4 na 2023 ya gyara abin sosai.

Waɗannan sababbin samfura jikinsu na alminiyam ne don zafi ya fita, agogonsu ba ya zamewa, bakin eriyarsu ma irin na kayan rediyo ne. Ƙwayar ciki dai tana nan, RTL2832U, kuma kwamfuta har yanzu kallon talabijin take yi mata. Shi ya sa mai Windows sai ya fara musanya direban da wata 'yar manhaja mai suna Zadig. A Linux kuwa matakin farko a takardar koyarwa shi ne a hana direban talabijin, dvb_usb_rtl28xxu, tashi, don kada ya riga manhajar rediyo cafke na'urar. Sunan farko da ke rubuce a matsayin marubucin wannan direba shi ne Antti Palosaari.